Duro Shida a Bangon Sito

Zuwa ga mahaifina, Malam Ɗalhatu na Kwarbai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan rahamar Allah ta iske ka a makwancinka, na ɗauki alƙalami ne don raina a ɓace yake, kuma kai kaɗai nake so ka fara ji.

Baba, makon jiya aka ba ni mitar auna niyutiron, aka ce in zagaya cibiyar binciken da muke aiki. Na je siton baya, wanda ka tsufa kana gadinsa. A ciki ake ajiye ƙarfen nan mai fitar da niyutiron, wato tururi mai cutarwa da ido ba ya gani. Darma ba ta tare shi sosai, ruwa ne ke karya masa ƙarfi. Shi ya sa aka jera duro shida cike da ruwa a jikin bangon.

Ka tuna su? In famfo ya ɗauke, a nan kake cika butarka, masu shara su ɗiba, mai shayi ma ya ɗiba. Kakan ce, "Ruwan da ba mai shi na masallata ne." Sai ka jingina da bangon don sanyinsa, ka buɗe littafinka har la'asar.

Na tarar huɗu daga cikin duron babu ko ɗigo. Na ɗora mitar daidai inda bencinka yake, allurar ta motsa. Ba da yawa ba, amma ai da yayyafi kogi kan cika.

Abin da ke cina shi ne bajon auna tururin. Daktan da zai leƙa siton na minti goma, da bajonsa a ƙirji, duk wata a kai a duba abin da jikinsa ya kwasa. Kai da kake wuni a wurin ba a taɓa ba ka ba. Allon gargaɗin kuma da Turanci suka rubuta shi, suka kafa a saman kanka. Kai da manyan mutane ke durƙusawa a zaurenka suna ɗaukar karatu, ba wanda ya ga ka isa a tsaya a yi maka bayanin duro.

Ba zan ce tururin ne ya kwantar da kai ba. Ajali ne, na yarda. Amma da yake ba a auna ba, ba mai iya ce mini ba shi ba ne, kuma wannan ne ba zan yafe ba.

Na kai rahoto. Shugaban sashenmu ya ce kada in tayar wa ƙananan ma'aikata hankali, ya jefa shi a durowa. Alhali Malam Tanko, wanda ya gaje ka, yana nan kan bencin da butarsa, ga 'ya'ya bakwai a ƙauye.

Jiya na cika duro huɗun da kaina, na mai da bencin gindin darbejiya. Na samo katako na rubuta gargaɗin da ajami, da irin hannun da ka koya mini kana murɗa mini kunne. In takardar tuhuma za su ba ni, su kawo.

Malam Tanko ya karanta tun daga farko har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba. Ya ɗauki butarsa, ya nufi famfon bakin ƙofa. Layi uku ne kacal, Baba. Su ne ba a rubuta maka ba.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sanyaya maka shi fiye da bangon nan, ya tsare Malam Tanko.

Ɗanka,
Aminu