Ƙafar Hagu a Hanyar Dutsen Maryamu

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Edita ta amince. Zan bi Kiristocin da ke tattaki daga Tamale zuwa Dutsen Maryamu kafin Ista, in rubuto wahalar hanya. Ta dubi ƙafata ta ce, "Mahamudu, da wannan?" Na ce da wannan.

Ban gaya mata wanda zai ɗauki gicciyensu ba. Ziblim. Shi ya buge ni da moto, babur ɗinsa, a unguwar Sakasaka shekara uku da suka wuce, ya bar ni da ƙarfe a ƙwauri. Ina kwance a asibiti danginsa suka kai goro gidanmu, suka durƙusa, Kawu Sidiki ya ce an bar wa Allah. An yi kyauta da ƙafata, ba a tambaye ni ba.

Abin da na shirya ba shi da wuya. A gabansa zan yi tafiya. Ya kalli ɗingishin nan tun daga Tamale har dutsen. In na dawo, cikakken sunansa a layin farko.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Matata Rashidatu ta cusa min gwangwanin man kaɗanya a jaka. "Baban Sumaiya, wa za ka hukunta, shi ko ƙafar?" Na zuge jakar.

Litinin, 14 ga Afrilu

Mun tashi da sassafe, muka kama hanyar Bolga. Da Ziblim ya gan ni, gicciyen ya ɗan karkata a kafaɗarsa. "Malam Mahamudu, dasiba." Gaisuwar safe ta Dagomba, amsarta kalma ɗaya ce. Na hana shi ita.

Al'adarsu ba a wuce gicciye, kowa a bayansa yake. Ni ba mai ziyara ba ne, mai kyamara ne, don haka gaba tawa ce. Na ji idonsa a bayana yini guda. Na ji daɗi, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Zafin Afrilu ba ya wasa. Kwalta na kama takalmi, piya wata ya koma kamar shayi, manyan motocin albasa na watsa mana hayaƙi. Ziblim ba takalmi. Na rubuta a gefen shafi: burga.

Talata, 15 ga Afrilu

Bororo biyu a diddige, ɗaya tsakanin yatsu. A ajin makarantar da muka sauka, wata tsohuwa mai sayar da koko a Dungu, Mma Sisiliya, ta kama ƙafata ba sallama, ta huda su da allura, ta bar zare a ciki don ruwan ya tsiyaye.

"Ɗan jarida, takalmin hoto ka saya, ba na hanya ba."

Na tambaye ta labarin mai gicciyen, kamar ban san shi ba. Ta ce duk shekara haka yake zuwa, ƙafa tsirara. Ya sayar da motonsa, ko aiki da ƙafa yake tafiya. "Ya taɓa buge wani bawan Allah."

"Mutumin fa?"

"An ce ya yafe."

An ce. Na yi shekaru ina hana yaran ofis buɗe labari da "an ce", ga shi an rufe nawa da shi.

Kuma wa ya ba shi izinin yanke wa kansa hukunci? Hukuncin nawa ne. Wannan ma sata ce, ta biyu.

Laraba, 16 ga Afrilu

Mun bar kwalta, mun shiga jar hanya mai tsakuwa. Ƙwaurina ya kumbura, ƙarfen yana zugi kamar an sa shi a maƙera. Saurina ya ragu. Na jira Ziblim ya wuce ni. Bai wuce ba. Na rage, ya rage, duk jama'a suka rage a bayansa, waƙarsu ta yi tsami a baki.

Sai na gane abin da ke hannuna. Da rana ta take, na tsaya inda tsakuwa ta fi zafi, na yi ta gyara igiyar takalmi. Na kwance, na ɗaura, na sake kwancewa. Yana tsaye da katako a kafaɗa, yana ɗaga wannan ƙafa yana ajiye waccan. Da muka ci gaba na waiga, na ga jini a sawunsa.

Na kuma ga an taru a kan wani a baya. Mma Sisiliya ce ta yanke jiki ta faɗi. Aka kai ta inuwar kaɗanya, aka yi ta fifita. Da ta farfaɗo, ni ta fara nema da ido: "Zaren bai fita ba ko?"

Tsufa ne da rana. Kowa ya ce rana ce.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Mun iso gindin dutsen da la'asar. Yau ce ranar da suke wanke wa juna ƙafa. Na koma gefe da butata, na yi alwala, na yi sallata, ba wanda ya dame ni. Ina naɗe dadduma sai ga Ziblim da kwano da tsumma. Ya durƙusa.

"Malam, in ka yarda."

Na yi niyyar cewa a'a. Sai na ga ai wannan nake nema. Na janye ta dama, na miƙa masa ta hagu, na naɗe wando har gwiwa don ya ga tabon duka, da ramukan ɗinki. Na so ya yi kuka a gaban mutanensa.

Bai yi ba. Ya wanke a hankali, ya bi tabon da yatsa. "Ƙarfen yana ciki har yanzu?"

"Yana ciki."

"Da damina yana damunka?"

"Yana damuna."

Ya gyaɗa kai. "Na je gidanku sau biyu bayan goron. Kawunka ya ce magana ta mutu, kada in tayar."

"Ba ta mutu ba."

"Na sani. Tun Litinin nake kallonta."

A shekara uku, shi ne mutum na farko da ya tambaye ni damina. Na rubuta wannan don gaskiyar rahoto kawai.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Sun hau dutsen da gwiwa, suna tsayawa suna addu'a. Ibadarsu ce, ban bi ba. Daga ƙasa ana ganin tafin ƙafar Ziblim, ya tsage kamar ƙasar fadama da rani. Na ɗaga kyamara. Hasken bai yi kyau ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Na miƙa rahoton. Kwalta, tsakuwa, bororo, allurar Mma Sisiliya. Edita ta ce, "Mai gicciyen ba shi da suna?" Na ce shafin ya cika.

Ban yafe ba. Kada wani ya sake cewa an ce. In zan yi, da bakina zan yi, ranar da na ga dama.

Na ba Rashidatu labarin wankin ƙafa, tana kwashe kayan jaka ta tambayi gwangwanin man kaɗanya. Na ce na manta shi a gindin dutse. Ta ce, "A gefen kwanon wa?"

Matar nan, da ta yi aikin jarida.