Taukir Ghumman Bai Gaza Ba, Hannuwanmu Ne Suka Gaza

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Kurket ta Maɗinka Ƙwallo da ke unguwar Rangpura a birnin Sialkot, ƙarƙashin jagorancin uban ƙungiya, mai girma Haji Karamat Dar, ta samu labarin rasuwar yayanmu kuma babban mai jefa mana ƙwallo a wasan kurket, Chaudhry Taukir Ghumman, wanda Allah Ya yi wa cikawa da safiyar Talata yana da shekara talatin da ɗaya, bayan wata motar bulo ta buge babur ɗinsa a hanyar Daska, yana tafiya wurin aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifiyarsa, uwarmu baki ɗaya, Parwin Bibi, da mai ɗakinsa Rukhsana Bibi, da 'ya'yansa mata biyu, da dukkan zuriyar mahaifinsa, marigayi Chaudhry Bashir Ghumman.

Shekara goma sha biyu marigayin ya yi yana yi wa wannan ƙungiya jifa. Kwana shida a mako yana durƙushe da basilla da zare yana ɗinka ƙwallon da wasu za su buga a ƙasashen da bai taɓa gani ba, ranar Lahadi kuma ya ɗaura farin wandonsa ya zo fili tun kafin mai shayi ya hura wuta. Paji muke ce masa, wato yaya, har waɗanda suka girme shi. Daga jikin katangar majema yake faro gudunsa, taku ashirin da biyu, kuma in sabon mai bugu ya shigo yana gyara safar hannu, yakan ɗaga murya ya ce, "Sahib, ka yi sallama da mutanen gida kuwa?" Da hannunsa muka ɗauki Kofin Masana'antu sau biyu.

Da so samu ne, a nan za mu tsaya mu yi addu'a mu sa hannu. To amma an yi wata magana a gidan makoki da ba za mu iya haɗiye ta ba.

Ranar addu'ar uku, wakilin kwamitin gasar da muke bugawa ya miƙe a gaban jama'a, ya zaro takarda ya karanta ta'aziyyarsu. A cikinta ya ce marigayin ya yi tashe a zamaninsa, duk da cewa a shekara biyun nan ƙarfinsa ya ja baya, domin a wasannin yini ɗaya guda goma sha huɗu masu bugu tara kacal ya fitar daga wasa, aka kuma kwashi maki da yawa a kansa, shi ya sa ba a sa shi cikin tawagar da za ta je Lahore ba. A gidan mutum, gadonsa bai huce ba! Labule ne kawai tsakanin mai karatun da mahaifiyar mamacin. Da jama'a suka watse ta sa aka kira ni, ni da nake tsaye bayan sandunan da mai bugu ke karewa ina cafe jifansa shekara bakwai, ta ce, "Ɗan nan, kada ka rufe ni. Ashe Taukir kaya ya zame muku, kuna jin nauyin faɗa masa?" Wannan takarda ita ce amsarmu, kuma muna so duk garin ya ji.

Masu girma 'yan kwamiti, lissafinku daidai ne, tara ɗin tara ne. Sai dai a takarda kuka gan shi, domin a wasa goma sha huɗun nan sau ɗaya muka ga ƙeyar ɗayanku a fili, shi ma da aka sauke biryani ya ci ya tafi.

Duk wanda ya taɓa taka filinmu ya san gefe biyu ne da shi. Wanda ya taho daga wajen masallaci gangara yake bi, iska na tura shi. Wanda ya taho daga wajen rafi hawa yake yi, iska na dukan ƙirjinsa. Al'adarmu kuwa babba ne ke zaɓen gefe, shi ne kuma ke fara jifa da sabuwar ƙwallo. Shekara biyu ke nan da Paji ya bar wa Mubashir Sandhu, matashin mai jifanmu, gangaren da sabuwar ƙwallon duka. Kyaftin ɗinmu, Ustad Riyasat Ali, ya yi masa faɗa, ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Sunanka za ka ɓata." Shi kuwa ya yi dariya ya ce, "Ustad, ni an riga an gan ni, shi ne ba a gani ba. Ba ni tsohuwar, ni da ita mun saba."

Mu da muke ɗinka ƙwallon nan mun fi kowa sanin halinta. Tana sabuwa ɗinkinta a tsaye yake, tana sauka ta karkace, mai bugu ya rasa inda za ta ɓullo. In ta sha duka zubi arba'in cikin hamsin ɗin wasa, kowane zubi jifa shida, ɗinkin ya kwanta, ta yi laushi kamar dafaffen dankali. A lokacin ne masu bugu ke rufe ido su yi ta maka, don wasa ya zo ƙarshe, ba abin da suke tsoro. A lokacin ne kuma Ustad ke waiwayawa ya miƙa wa Paji ita, ya hau tudu da ita. Wannan kuka auna da na wanda ke gangarowa da sabuwa, kuka ce ɗaya ya gaji.

Kun ce saurinsa ya ragu. Da me kuka auna? Ni da tafin hannuna na auna. Har wasansa na ƙarshe sai na cusa tsumma ninki biyu cikin safar hannu, duk da haka ranar Litinin da ƙyar nake riƙe basilla.

Saura wadda ta fi ciwo, kuma ba ku kaɗai ta shafa ba. Littafin wasa yana da gurbin wanda ya cafe ƙwallo aka fitar da mai bugu, ba shi da gurbin wanda ya zubar. In mai jifa ya yaudari mai bugu, ƙwallo ta tashi sama ta faɗo a hannun ɗan wasa ya sake ta, abin da ake rubutawa shi ne an ci maki a kan mai jifa. Ni ban yi nisa a makaranta ba, amma ba na mantuwa da abin da ya wuce ta gabana. A wasa goma sha huɗun nan sau goma sha bakwai muka zubar masa. Shida daga ciki nawa ne. Ku haɗa tara da goma sha bakwai, ku nemo mana wanda ya kai haka a cikin tawagarku. Bai taɓa zagin kowa ba. In na zubar sai ya tako ya dafa kafaɗata ya ce, "Ango, man shanu ka ci da hannu yau?" ya koma jikin katanga ya sake tahowa. Mun ji daɗin haƙurinsa, muka yi shiru aka jera masa laifinmu yana raye. Wannan kunyar tamu ce.

Saboda haka, a zaman da ta yi ranar Juma'a bayan an sauko, ƙungiya ta yanke cewa ba za ta sake shiga fili a wannan gasa ba sai wakilin da ya karanta waccan magana ya koma gidan da ya karanta ta ya janye ta da bakinsa. Mubashir Sandhu, wanda aka zaɓa zuwa Lahore, ya mayar da rigar tawaga da kansa, ba wanda ya sa shi. Mun san abin da hakan zai jawo mana, mun kuma yarda.

Ba mu jira kowa ba wajen sauke namu nauyin. Jiya mu goma da muka rage muka je muka tsaya a gaban Parwin Bibi, Ustad Riyasat a gaba, kowa ya faɗi sau nawa ya zubar wa ɗanta ƙwallo, ni na rufe da shida nawa. Ta daɗe tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ashe ba shi ba ne. Alhamdu lillahi. Na yafe muku, shi ma na san ya yafe. Amma ku tashi ku je ku koyi cafe ƙwallo, kada ku yi wa ɗan wata haka."

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ba a ɓoye maSa abin da littafi ya tsallake, Ya jiƙan Chaudhry Taukir Ghumman, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba mahaifiyarsa da iyalinsa juriyar wannan babban rashi, Ya raya abin da ya bari, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Jahanzeb Mughal
Mai magana da yawun ƙungiya, kuma mai tsaron bayan sanduna
Ƙungiyar Kurket ta Maɗinka Ƙwallo, Rangpura, Sialkot