Na'urar da Na Saya da Tsada Ta Share Inna Daga Hotonmu na Ƙarshe

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Wata biyu ke nan ina ɗauke da wani abu a raina. Matata kaɗai na iya faɗa wa, ita ma shawarar da ta ba ni nauyi ta ƙara min.

Ni mai ɗaukar hoto ne, shekarata ashirin da biyu a sana'ar. Ina da ɗan shago a bakin titi, tsakanin tela da mai gyaran waya. A bara na sayi wata na'ura da na daɗe ina mafarkinta. A kan mariƙi mai ƙafa uku ake kafa ta, a ɗaura mata kyamara, a danna maɓalli, sai ta riƙa juyawa da kanta tana ɗaukar hoto guntu-guntu har ta zagaye wuri. Daga nan kwamfuta ta ɗinke guntayen su zama hoto guda mai faɗi. Kuɗinta kada ki tambaya, motata ce ta tafi a kai. Masu otal da ɗakunan taro da dillalan gidaje nake yi wa aiki da ita. Amma in faɗa miki gaskiya, ta sa min girman kai. Har na fara yi wa abokan sana'ata kallon 'yan koyo.

To, babbar yayarmu ta zo gida bayan shekara shida tana nesa, Baba ya ce kowa ya hallara. Mu tara ne, ga mata da mazaje da jikoki, mutum arba'in da uku a tsakar gida. Na kafa na'ura a tsakiya, na jera kowa a zagaye, Baba da Inna a kujeru biyu gefe da gefe. Autarmu ta zaro wayarta za ta ɗauka, na daka mata tsawa a gaban mijinta da 'ya'yanta, wai kada a raina min aiki da hoton waya. Ta mayar da ita jaka. Sauran ma da suka ga haka kowa ya soke tasa a aljihu.

Kusan minti biyu na'urar take yi kafin ta gama zagaye, don haka na ce kowa ya daskare. Na manta wace ce uwata. Inna ba ta taɓa zaman minti biyu ba tun da na yi wayo. Ashe ta hango matar ƙanena mai tsohon ciki a tsaye cikin rana, sai ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauko mata kujera. Ni ina can ɗaya ɓangaren a cikin layi, idona yana kan na'ura ina jin daɗin yadda take juyawa. Da ta tsaya na naɗe kayana ko dubawa ban yi ba, don na fi yarda da ita a kan idona.

Bayan mako guda na zauna haɗa hoton. Manhajar da ke ɗinke guntayen an saita ta ne ta share duk abin da ya motsa, saboda in ana ɗaukar ɗakin taro wani ma'aikaci ya gifta, kada ya fito. Gwaggo, kowa ya fito tas, har kyanwar gidan da ke kwance a bakin rijiya. Kujerar da ke kusa da Baba ce kawai babu kowa a kai.

Na ce ba komai, ranar hutu zan je in zaunar da ita a kujerar in ɗauke ta ita kaɗai, in cike gurbin, ba wanda zai sani. Aikin wani otal ya taso, na ɗaga zuwa wani makon. Kafin makon ya zo Inna ta kwanta ciwon kwana biyu, Allah Ya karɓi abarSa.

Yanzu Baba ya buga ƙusa a bangon falo da hannunsa, yana jiran hoton. Duk zuwan da zan yi sai ya tambaye ni. Na ce takarda mai faɗi ta yanke a kasuwa, na ce mai firam ya yi tafiya, ƙaryata ta kusa ƙarewa. Na koma cikin guntayen na sami Inna a uku. A ɗaya tana miƙewa, fuskar ta gauraye. A ɗaya bayanta ne, tana shiga ɗaki. A na uku tana fitowa rungume da kujera, ta waiwayo tana dariya, shi ma bai fita sosai ba.

Ina da wani hotonta na shekara biyar da suka wuce. Na yanko shi na ɗora a kujerar, na sauya launin mayafin ya zama irin na ranar. Wallahi ya zauna daram, ni kaina sai na ƙura ido nake ganewa. Matata ta ce in kai masa haka, tausayi ne, idon tsoho ba zai gane ba, kuma me za a ƙara masa da kujera wayam? Sau biyu ina ɗaukarsa zuwa wajen wankin hoto ina dawowa da shi. Kunyar autarmu kuwa ta hana ni haɗa ido da ita. In kai na haɗin, ko in faɗi gaskiya? Na'urar ma tana jingine a lungun shago, na tsani ganinta, ina tunanin sayar da ita.

Naki,
Mai hoton da ya rasa ta cewa

Amsar Gwaggo

Ɗana, Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta, Ya ba ku haƙuri. Wasiƙarka ta taɓa ni. Amma share hawayenka mu yi magana, don lokaci kake ci.

Ka fara rage wa kanka kaya. Ba ka san ranar tafiyarta ba, da ka sani ko otal goma ne ba za su tsayar da kai ba. Da na sani ƙeya ce. Laifinka na gaskiya guda biyu ne, ƙin dubawa da tsawar da ka yi wa ƙanwarka, kuma na biyun yana gyaruwa yau ɗin nan.

Matarka ba ta faɗi mugun abu ba. Tausayin surukinta ne ya sa ta, kuma gyaran hoto ba baƙon abu ba ne a sana'arku. Sai dai akwai abin da ku biyu kuka tsallake. Baba yana zaune a gefenta ranar. Ya ga tashinta, wataƙila ma ya yi mata faɗan ta zauna ta ƙi ji. Matar ƙanenka ta san wanda ya kawo mata kujera. Mutum arba'in suna wurin, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Ko da ba wanda ya gane, kai fa? Duk ranar da ka shiga falon nan za ka gaishe da mahaifinka a ƙarƙashin abin da ka ɓoye masa. Ba na so maka wannan.

Ga abin da za ka yi. Ka fara da auta. Ka je gidanta da ƙafarka, ban da waya, ka ba ta haƙuri a gaban mijin da ka kunyata ta a gabansa, ka gaya mata komai. Za ta yi kuka, wataƙila ta faɗa maka mai zafi. Ka shanye, haƙƙinta ne. Sannan ka roƙe ta ta raka ka wurin Baba.

Ka wanke guntaye ukun nan, kowanne da girmansa, ka haɗa da babban hoton yadda ya fito. Ka zauna a ƙasa kusa da shi ka faɗa masa abin da ya faru ba kwana-kwana, har da ƙaryar takarda da ta mai firam. Daga nan ka bar masa zaɓi, matarsa ce, bangonsa ne. In ya ce a mayar da ita kujerar da tsohon hoto, ka yi masa da zuciya ɗaya, domin abin da aka yi da saninsa ba yaudara ba ce.

Na'ura kuma kada ka sayar da ita cikin fushi. Abin da aka saita ta a kai ta yi, kuma da ita kake ciyar da iyali. Ka dai ɗauki ɗabi'a: in mutane za ka ɗauka, ka fara da hoto guda na hannu, ka duba aikinka kafin taro ya watse, ka kuma bar masu waya su yi abinsu.

Kai mai sana'a ne, shi ya sa kake auna hotunan nan da kyan fita. Baba ba da wannan ma'aunin zai duba ba. Ka je a makon nan, kada ka ji tsoron wai fuska ba ta fita ba. Mutumin da ya yi shekara hamsin da mace, ko ta baya aka nuna masa ita ya san tasa ce.

Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya haɗa kanku, Ya yi wa sana'arka albarka.

Gwaggonka