Tukunya Ga Nas, Bargo Ga Yaya

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Ni mahaifinku, mai gyaran keken ɗinki, na rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina. Mai shakka ya tambayi likitan da ya duba ni makon jiya: zuciya ya ce ta gaji, bai ce komai a kan kai ba. In kun ga kuskuren rubutu ku bar shi a wurinsa. A aji huɗu na tsaya, shi ma malami ne ya gaji da ganina a aji uku ya tura ni gaba. Ina jin tafiya ta matso, ba na kuma fargaba. Ga abin da nake so daga gare ku, ke Yaya, kai Nas, da kai Auta.

Na ɗaya. Gida da shago a kira masu sani su raba yadda addini ya tsara, ba zan yi wa malamai kutse ba. Abubuwan da zan ambata a ƙasa kyauta ce na bayar tun ina numfashi. Akwatin kayan aikina na Auta ne, don shi kaɗai a cikinku yake mayar da abu inda ya ɗauko shi.

Na biyu, haɗin mura. Shekara arba'in unguwa tana kirana Likitan Mura ban taɓa musawa ba. Yau zan musa. Haɗin na mahaifiyarku ne, Allah ya jiƙanta, ni nawa juya cokali da surutu. A daddaka citta kamar babban yatsa, a jefa kanumfari biyar, ruwa kofi uku a bar shi ya tafasa har ya koma biyu. In ya ɗan huce a matsa rabin lemun tsami, a zuba zuma cokali ɗaya. Babba kofi, yaro rabi, safe da yamma. Maƙogwaro in yana kaikayi, ruwan ɗumi da gishiri, a kurkure a zubar. Mai son tafarnuwa ya ci abarsa, amma ya tausaya wa wanda zai zauna kusa da shi a mota. Jaririn da bai shekara ba kada a ba shi zuma ko ɗigo, nono ya ishe shi. Wannan daga bakin Nas na ji, shi da yake aikin asibiti, na yi kamar ban ji ba, da ya fita na rubuta a bayan kalanda. Ku kuma sani haɗin nan ba ya korar mura. Ladabi yake koya mata, ta zauna shiru har ta cika kwanakinta. Sauran aikin na hutu ne da shan ruwa.

Na uku, sirace. Kun san tukunyar nan mai kunne ɗaya da bargo mai ruwan toka. Tafasasshen ruwa, man zafi kamar kan ashana, a lulluɓa. Mutum ɗaya ba ya yinsa. Ɗaya yana ciki yana gumi yana tsine mini, ɗaya yana waje ya riƙe bakin bargo ya tokare tukunyar don kada ta tuntsure. Ƙananan yara ba a sa su ciki, ƙuna ta fi mura sharri. Na sa ku kuna ƙanana, Allah ne ya tsare, ba wayona ba.

Na huɗu, kuma saboda shi na ɗauki biro. Shekara uku ke nan Nas bai taka gidan Yaya ba. Gaisuwa ma sai dai Auta ya kai ya kawo kamar ɗan aike. Kun san dalilin da ake faɗa. Nas da matarsa sun yi tafiyar mako guda, suka bar wa Yaya 'yarsu, jikata, amaryata, tana shekara huɗu. Mura ta kama ta, ta zarce limoniya, ta yi kwana tara a asibiti da roba a hanci. Abin da ba ku sani ba shi ne, a rana ta uku da hantsi Yaya ta zo shago da yarinyar a goye, da mayafinta, ta ce numfashin nan bai yi mata ba, asibiti za ta. Teloli uku suna zaune a bencina suna jiran kekunansu, ina tsakiyar ba su labarin yadda na warkar da direban babbar mota cikin yini ɗaya. Na dube ta na ce, “Daga gidan Likitan Mura za a fita da mai mura? Koma ki ɗora ruwa.” Teloli suka yi dariya. Ta koma, don ban taɓa koya mata musu da uba ba. Washegari a guje aka kai yarinyar.

Da Nas ya iso, a barandar asibiti ya tambaya wa ya riƙe masa 'ya a gida har ta kai haka. Yaya ta ce, “Ni ce.” Ina tsaye a wurin. Takalmana na tsura wa ido, kai ka ce ranar na fara ganinsu. Ni da ba a raba ni da magana, ranar bakina ya mutu, kuma shekara uku bai farfaɗo ba. Nas, fushinka daidai ne, ƙofar da ka kai shi ce ba daidai ba. Yaya, kin rufa mini asirin da ban cancanta ba. Ku yafe mini. Amaryata ta riga ta yafe, shaida kullum sai ta ɓoye mini tabarau.

Na biyar. Ma'aunin zafin da Nas ya saya mini, wanda na jefa cikin aljihun tebur tare da allurai, na Yaya ne, ita ce mai idon gani. In numfashi ya yi sauri, ko haƙarƙari yana lotsawa ciki, ko zazzaɓi ya kai kwana uku, ko yaro ya ƙi sha, ko leɓe ya sauya launi, a ajiye citta a nemi mota. Jariri kuwa ko yini ɗaya kada a jira. Tsofaffi irina ma haka. Ko ni na taso daga kabari na ce a ɗora ruwa, ku ture ni ku wuce.

Na shida. Tukunya ta Nas ce, bargo na Yaya ne, kuma ban yarda wani ya sayi madadin abin da ba ya hannunsa ba. Nas, na san hancinka tun kana rarrafe. Iska ta sauya kaɗan kai ne na farko a atishawa, duk da farar rigarka da takardunka. Tun da mahaifiyarku ta rasu ba wanda ya iya riƙe maka bargo ba tare da ka zame ba sai Yaya. Za ka ɗauki tukunyar nan ka je ƙofarta. Ke kuma ki buɗe, ki lulluɓe shi da kyau, in kin ga dama ki ƙara masa minti biyar.

Da farko na yi niyyar a buɗe takardar nan bayan an dawo daga binne ni. Sai na ga wannan ma kallon takalmi ne. Saboda haka Auta zai karanta ta ranar Asabar bayan la'asar, a ɗakina, ku ukun kuna zaune, ni ma ina zaune. Na ba shi takalmana ya kulle a shago.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su yi muku musu a inda ya dace. Ku riƙe juna, kada a sake aiken gaisuwa tsakaninku. Duk wanda ya yi atishawa a cikinku, ina so a samu ɗan'uwa kusa da zai amsa masa.

Mahaifinku.