Kafaɗar Baba Ishaya

Birnin Gwari,
9 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga Yaya Munzali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Bushira da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, sai zaman ɗar-ɗar da ka sani. Tun da aka yanke sabis babu waya, shi ya sa na koma takarda. Audi direba zai kawo maka ita.

Kuka na kawo kan manhajar da ka sa mini a kwamfuta, ta mutum-mutumin nan da ake lanƙwasa wa gaɓoɓi. Ka san dalilin da na neme ta. Mu biyu ne kacal a ɗakin gashin ƙashi na asibitinmu, kuma yawancin waɗanda ake kawo mana yanzu daga hannun 'yan bindiga suka fito, ƙafa ta sha mari, kafaɗa ta sha ɗauri. Ba sa iya dawowa kowane mako, ga hanya, ga an hana hawa babur, kuma da yawansu ba sa karatu. Zanen motsa jiki kaɗai ne zai bi su gida. Hoton mutum na gaske kuwa baƙi ƙirin yake fitowa a firintarmu.

To Yaya, mutum-mutumin nan ya ishe ni. Bai iya tsuguno ba, in na matsa masa sai cinyarsa ta shige cikinsa. Bai iya zama a tabarma ba, sai kujera, kamar wanda ya ƙera shi bai taɓa ganin mutum zaune a ƙasa ba. In na taɓa yatsa ɗaya sai sauran su watse. Ga shi tsirara, sai na bi kowace takarda da biro ina sa masa wando. Abin da ya fi damuna, wani lokaci in na saita shi na adana, sai in buɗe in tarar wata gaɓa ta yi tsalle ta koma wani wuri. Kullum manhajar tana rubuto mini in sabunta ta. Da wane sabis? In akwai gyara, ka sa a filashi ka ba Audi.

Ka gaida Inna, ka ce ta daina sauraron jita-jita.

Ƙanwarka,
Juwairiyya.

Birnin Gwari,
2 ga Nuwamba, 2021.

Yaya Munzali,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Filashin ya iso, na gode, amma gyaran ya ƙi shiga sai da intanet. Ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Na yi ɓarna, Yaya, kuma ban san wanda zan faɗa wa ba sai kai.

Akwai wani dattijo Bagwari daga Kazage, Baba Ishaya, manomi. Wata uku ya yi a daji, hannuwansa ɗaure ta baya, ya fito kafaɗar dama a goce. Likita ya mayar da ita, ni kuma aka ba ni shi. Mako uku da suka wuce na haɗa masa takarda: mutum a tsaye, hannu ɗage daidai ƙirji, kada ya wuce nan. Na saita daidai, wallahi na saita. Ana shirin kashe janareto, sai na adana na buga da sauri, na zana wando, na ninke na miƙa wa 'yarsa Alice. Ban dubi hannun ba. Na dai nuna musu motsin da jikina, na ce in sun manta su duba takarda.

Jiya Alice ta dawo da shi a bayan motar hatsi, kafaɗar ta sake fita, ta kumbura har wuya. Na buɗe takardar, sai ga hannun mutum-mutumin a sama, ya wuce kai ya karkata baya, inda hannun mai lafiya ma ba ya kaiwa. Ta ce kullum yana gwadawa yana kasawa, daga baya ya ɗaura igiya a azarar rumfa, yana jan hannun da na hagu don ya kai inda na takarda ya kai. Ta hana shi, ya ce mai asibiti ta fi ta sani.

Da na tsaya a kansa, shi ya fara ba ni haƙuri. Ya ce, "'Yata, na yi ƙoƙari, amma ban kai na hoton ba. Daji ya cinye ni."

Na fita na tsaya bayan ɗakin magani. Akwai wasu mutum uku da na ba irin wannan takarda a ranar da na ba shi tasa, na aika kasuwa a gaya musu su daina. Ka yi mini addu'a, kada ka faɗa wa Inna.

Taka,
Juwairiyya.

Birnin Gwari,
20 ga Nuwamba, 2021.

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku lafiya. Na ga amsarka. Ka daina cewa laifinka ne don kai ka sa manhajar. Ita ta juya hannun, amma idon da bai duba ba nawa ne.

Takardun nan uku duk sun dawo, ba wanda ya ji ciwo, Alhamdulillahi. Oganmu Malam Sadiq ya ba ni shawara in yi shiru, ya ce in magana ta fita mutanen ƙauye za su daina zuwa, kuma su ne za su cutu. Na ga gaskiyarsa, kwana huɗu ina bin ta. Amma kullum na shiga ɗakin, Baba Ishaya sai ya sunkuyar da kai kamar mai laifi. Rana ta biyar na durƙusa gaban gadonsa, Alice na zaune, na faɗa masa zanen ne ya lalace, ni kuma ban duba ba, kuma babu ɗan Adam da hannunsa ke kaiwa can.

Ya daɗe yana kallona. Ya sa Alice ta maimaita masa da Gwaranci. Sannan ya ce, "Ashe ba ni ne na gaza ba." Sai hawaye. Ban san ko na sauƙi ba ne ko na baƙin ciki, ban kuma tambaya ba.

Likita ya ce da wuya hannun ya sake ɗaukar fartanya. Dawarsa tana tsaye a gona, surukansa ne za su girbe. Na rufe manhajar, yanzu Alice nake koya wa motsin, ina riƙe da hannunta a kan kafaɗarsa har sai ta iya. Tana koyo da kyau, amma tun ranar ba ta amsa gaisuwata ba, ni ma ban ga laifinta ba.

Gobe za a sallame su. Yau da rana ya kai lomar tuwo bakinsa da hannun dama, sau biyu, kafin ya gaji. Ya juyo yana nemana in gani. Na gani, Yaya, na ce masa sannu, amma na kasa yin murmushin da yake jira.

Ka gaida Anti Bushira da yara, ka riƙe mini Inna da kyau.

Ƙanwarka mai neman addu'arka,
Juwairiyya.