Ramin Gonar Hayatu

Gangara, Nuwamba 1992

Zuwa ga maigidana Hayatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan cin raninka a Katsina. Mu nan lafiya lau, Inna tana gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi.

Aikin hanyar Gazawa ya kusa ƙarewa. Kamfanin ya cika biyu cikin sharuɗɗan da kuka gindaya masa kafin ya ɗebi jar tsakuwa a gonarka: samarinmu sun sami aiki, aji ɗaya na lakol, makarantar yaranmu, kuma har an sa masa kwano. Saura na uku, wanda kai ka kafe a kansa har muryarka ta dishe, wato su cike ramin su mayar maka da gonar mahaifinka. Sun ce katafila tana tafe ƙarshen wata.

To, ramin nan da ka bari ba shi ne yanzu ba. Damina ta cika shi, har yau ruwa bai ja ba. Mu mata mun huta da asubancin rijiya, Fulani suna shayarwa ta gabas, ni da ƙawata Laraba mun dasa albasa da tumatir ta yamma. Ban taɓa ganin kore a watan nan ba sai bana. Ku maza kun yi taronku kun ƙulla da kamfani, ba wanda ya tuna ya tambayi masu ɗaukar tulu.

Don Allah ka aiko da kalma ɗaya a bar ramin. Raina yana kansa, ba zan ɓoye maka ba.

Matarka,
Shatu

Gangara, Disamba 1992

Maigida,

Ina gaisuwa, ya sanyi, ya aiki? Saƙonka ya iso ta bakin Surajo direba, cewa albasa ba ta cika rumbu, kuma ba za ka bar iyali ba gero ba. Gaskiyarka ce, shi ya sa na ji haushi.

Katafila ta zo ranar kasuwa. Tun bayan taron ƙasa na Yamai kowa bakinsa ya buɗe, mu mata ma muka gwada namu a ƙofar mai gari. Mutumin kamfani ya ce shi ba ya sauya alkawari sai da yardar mai gona. Yayanka Hashimu ne a madadinka, shi kuma ya ce ba zai raba ƙaninsa da abinci ba. Nan na miƙe na ce na ba ka gonar da na gada wajen Baba, mai gawo uku, a madadin taka. Hashimu ya san ƙasar, bai ja magana ba. Katafilar sai ta kwantar da gaɓar ramin don yara da shanu, aka shaida a gaban jama'a.

Da yamma na je na zagaya gonar Baba ni kaɗai, na yi kukana na share. Geronka ba zai yanke ba.

Na san ban jira bakinka ba. In ranka ya ɓaci, kada ka aiko Surajo da faɗan. Ka zo da kanka, ka same ni a bakin ruwan.

Ka huta lafiya.

Taka,
Shatu