Layukan Bayan Tudu Sun Ɓuya

Toronto, Fabrairu 1986

Yaya Barikisu,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Mma? Ya mutanen Nima?

Albishirinki, kwamfuta ta ji maganata! Da, in ta zana tudu, layukan bayansa sai su cakuɗe da na gaba kamar raga. Wata da watanni ina koya mata ta ƙyale duk layin da tudun ya tare. Jiya alƙalamin da take zane da shi ya ɗaga daidai wurin, tudu ya fito sak! Farfesan da nake aiki a ƙarƙashinsa ya ce, "Jalilu, kana nan tare da mu." Da abin ya ƙi, da an sallame ni.

Sanyi da sauƙi, tarin ma ya ragu, amma kada Mma ta ji. Ki aiko min da yajin shito.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki,
Jalilu